Bindigar da Ake So Ta Yi Shiru

Mainasara mai walda ne a Daura. Shagonsa na kan hanyar Zango, jikin shagon Okafor mai sayar da kayan babur. Yana ƙera ƙofa da taga kamar kowane mai walda, amma aikin salansa, wato abin rage ƙarar inji, shi ne ya fitar da sunansa. Janaretan da ya addabi unguwa, in aka kawo masa, sai ya sake masa bututun hayaƙi, ya yi masa gida na ƙarfe, ya koma yana gurnani ƙasa-ƙasa. Har daga Mashi ake kawo masa aiki.

Wata Asabar da hantsi, bayan an gama yankan gero, wani dattijo ya tsaya a bakin shagon da dogon buhu a hammata. Siriri ne, gemunsa ya yi furfura. Ya jira sai da mai babur ɗin da ake yi wa aiki ya tafi, sannan ya yi sallama ya shigo har ciki, inda ba a hango mutum daga titi.

"Kai ne mai kashe ƙarar janareta?"

"Ni ne, Baba. Ina janaretan?"

Dattijon ya warware buhun. Bindigar iska ce, irin wadda ake karya bakinta a sa 'yar ƙwayar dalma a harbi tsuntsu. Ƙotarta ta sha hannu, amma ƙarfen yana sheƙi.

"Sunana Ɗantsoho, daga garin Babban Mutum. So nike ka rage mata ƙara."

Mainasara ya ji harshen. Ba na ƙasar Daura ba ne, na can yammacin jiha ne, bakin daji, inda 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka. Ya goge hannunsa da tsumma ya fi yadda ake bukata.

"Me kake harbi da ita?"

"Kurciya da hasbiya. Da gafiya. Sun dame ni a rumbu."

"To ai manomi ƙara yake nema, Baba. Ka harbi ɗaya, ɗari su tashi. Wasu ma gwangwani suke bugawa."

"Ni ba ni son ƙara."

"Saboda me?"

"Kana iyawa ko ba ka iyawa?"

Mainasara ya lura da yadda mutumin ya riƙe bindigar. Bakinta na kallon ƙasa, yatsansa a miƙe nesa da kunama, kuma bai ko duba hannunsa ba. Wanda ya saba ne kawai ke riƙo haka. Mainasara ya ce aiki ya yi masa yawa, ya dawo Laraba. Ɗantsoho ya naɗe buhunsa, ya leƙa titi hagu da dama kafin ya fita.

Bai yi nisa ba Okafor ya shigo. A Daura aka haife shi, Hausarsa ba ta da maraba da ta kowa a layin, shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka da Mainasara.

"Wurina ya fara zuwa," in ji Okafor. "Ya tambaye ni inda ake sayar da dalmar harbi. Na ce ni kayan babur nake sayarwa. Me ya ce maka?"

Mainasara ya faɗa masa.

"Wannan bindigar ko akuya ba za ta kayar ba," in ji Okafor. "Amma ba ita ce damuwata ba. Ka yi wa wannan yau, ya ga yadda ka yi, gobe a kawo maka babba a ce ai ka iya. Ko kuma gwada ka ake yi."

"Wa zai gwada ni?"

"Ko 'yan bindigar, ko hukuma. Ni dai ka cire ni a ciki. In aka zo layin nan da tambaya, ka san shagon da za a fara shiga."

Da Mainasara ya koma gida cin abincin rana, ya ba matarsa Hussaina labari. Ta ajiye ludayi.

"Malam, ka kira Munzali. Ai yankinsu ne."

Munzali ƙanenta ne, yana zaune a Baure, kuma yana cikin 'yan sintirin can.

"In na kira shi, kin san yadda suke. Sai sun ɗaure mutum suke tambayar sunansa. In dattijon nan ba shi da laifi fa?"

"In yana da shi fa? Baƙo, daga bakin daji, yana son bindigar da ba a jin ta. Me kuma kake jira?"

"Ki bar maganar nan a nan," in ji shi. 

Kwana huɗu abin yana cinsa. In ya ƙi aikin, mutumin zai nemi wani mai waldar da ba ya tambaya. In ya yi, bai san abin da ya sa hannu a ciki ba. Daga ƙarshe ya yanke shawarar ya je ya gani da idonsa.

Ranar Laraba Ɗantsoho ya dawo da buhunsa. Mainasara ya ce masa, "Ni ba na aikin ƙara sai na ji ta a inda ake amfani da ita. Ƙarar fili daban, ta cikin gida daban. Sai dai mu je tare."

Ƙarya ce, kuma da alama dattijon ya san ƙarya ce. Ya tambaye shi:

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"To mu tafi."

Mainasara ya leƙa ya gaya wa Okafor inda za shi, ya kira Hussaina a waya ya ce zai bi dattijon nan gida, kada a jira shi da abinci. Ya goya Ɗantsoho a babur, buhun yana tsakaninsu, yana jin ƙarfen a gadon bayansa. Suka wuce Zango, suka wuce Baure. Kafin su shiga Babban Mutum, dattijon ya taɓa kafaɗarsa ya nuna wata 'yar hanya da ta ratsa gonaki ta yi arewa, wajen iyakar Nijar.

"Ai ka ce Babban Mutum."

"Ƙasarta ce."

Suka yi ta tafiya cikin yashi da kututturan gero. Gidaje suka ƙare. Mainasara ya duba wayarsa da hannu ɗaya, ya ga babu sabis. Ya fara lissafin yadda zai juya babur a cikin wannan yashi in ta kama.

A gindin wata tsamiya Ɗantsoho ya ce, "Kashe shi nan. Da ƙafa za mu ƙarasa."

"Don me?"

"Kashe shi dai."

Gidan na can gaba kamar tafiyar minti biyar, shi kaɗai, da dangar kara da rumbu biyu. Abin da ya fara damun Mainasara shi ne shirun. Gida ne mai mutane, ga shanya, ga hayaƙi, amma babu rediyo, babu daka, babu ko zakara. Ƙofar kwano ce, an naɗe gefenta da tsummoki an ɗaure. Guga na bakin randa, na roba. Da suka zagaya wajen rumbunan, kurciyoyi sun fi hamsin a kan zangarniyar da aka baza, ko tashi ba su yi ba. Ƙasan rumbu ɗaya gafiya ta fafe shi, gero na zuba.

Wata tsohuwa ta fito, ta ja ƙofar a hankali da hannu biyu. Ta dubi Mainasara tun daga hula har takalmi.

"Kande ke nan, mai ɗakina," in ji Ɗantsoho a hankali. "Wanga shi ne mai waldar."

"Sannu, Inna," in ji Mainasara.

"Rage murya," ta ce. "Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"Mai walda a shago yake aiki. Mi ya kawo ka gidan mutane? Wa ka gaya wa za ka zo?"

 Tun daga Daura Mainasara yake zargin mutumin nan, bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ma abin zargi ne ba. Kande ta juya ga mijinta.

"Na ce maka ka bar maganar bindigar ga. Gero ya ƙare in zai ƙare."

"In ya ƙare mi za mu ci?" Ya nuna wa Mainasara wani kututture. "Zauna. Tunda ka zo, ka ji."

Suna da 'ya, Firdausi, shekarunta ashirin da shida. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu ranar kasuwa, suka harbe mijinta tana riƙe da hannunsa. Ita ba su taɓa ta ba. Amma tun daga ranar, duk abin da ya yi ƙara farat ɗaya, ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ta zabura ta yanki daji, ba ta ji ba ta gani. Da suka gudo nan, sun fara zama cikin gari, babura suka hana ta sakat, yara suka fara binta. Shi ya sa Ɗantsoho ya roƙi wannan fili.

"Wata guda ke nan na sayi wagga bindiga," in ji Ɗantsoho. "Na ce ai ta iska ce, ba ta da ƙara. Na zagaya bayan rumbu na harbi gafiya guda. Tun hantsi muke nemanta, sai la'asar muka same ta cikin wani kwazazzabo, ƙaya ta yayyage mata ƙafafu."

"Me ya sa ba ka faɗa mini tun a shago ba?"

"In faɗa maka ɗiyata ta taɓu, ka faɗa wa na kusa da kai, ya faɗa wa na kusa da shi? Mutanen garin ga ma kallon masu kai wa ɓarayi rahoto suke mana, don mun fito daga can."

Mainasara ya so ya yarda gaba ɗaya, amma akwai sauran abu guda. "Baba, riƙon da kake yi wa bindiga ba na mai harbin kurciya ba ne."

Kande ta dubi mijinta da sauri. Shi kuwa ƙasa ya duba.

"Na yi farauta. Na kuma yi tsaron ƙauyenmu, da ni da wasu. Akwai waɗanda suka san fuskata, ba ni son su san inda nike. Iyakar abin da zan faɗa maka ke nan."

A daidai nan Mainasara ya jiyo ƙugin babura daga kudu. Kunnensa ya san injin. Uku ne, kuma ɗaya salansarsa a fashe take, irin mai yin tusa kamar harbi in an saki mai. Kande ta riga ta juya ta shige gida. Ɗantsoho ya miƙe tsaye yana kallonsa.

Mainasara ya zubar da takalmansa ya sheƙa. Rabonsa da gudu irin wannan tun yana saurayi. Ya tare su ɗan gaba da tsamiya, hannuwansa a sama, yana nuna musu su kashe inji. Na gaba Munzali ne, da mutum huɗu a bayansa, biyu da bindigar toka. Suka kashe. Mai fasasshiyar salansar ya yi tari ɗaya mai ƙarfi kafin ya mutu. Mainasara ya waiwaya ya dubi gidan. Ba wanda ya fito.

"Yaya, lafiya kake?" in ji Munzali. "Yaya Hussaina ta kira ni, ta ce ka bi wani baƙo mai bindiga, wayarka kuma ba ta shiga. Su nawa ne a ciki?"

"Tsoho da tsohuwa da marar lafiya. Ka yi magana a hankali."

"Ko dai sun sa ka faɗi haka ne?"

"Dube ni da kyau. Na yi kama da wanda aka sa?"

"Ka yi kama da wanda ya gudo ba takalmi."

Mainasara ya yi masa bayani a gurguje, bai ambaci tsaron ƙauye ba. Munzali ya saurara, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Mun daɗe da jin labarin gidan nan. Ba ya zuwa majalisa, ba ya barin kowa ya matso, ga shi a bakin iyaka. Yanzu kuma bindiga marar ƙara. Kowane mai kai rahoto yana da labari mai ban tausayi, Yaya. Sai mun duba."

Da ƙyar ya yarda ya shiga shi kaɗai, ba makami, sauran su tsaya a gindin tsamiya. Ɗantsoho na tsaye a inda aka bar shi, ya ajiye buhun a ƙasa nesa da ƙafarsa. Bai dubi Munzali ba, Mainasara ya duba.

"Ka ce kai kaɗai."

"Ban kira su ba, Baba."

"Amma ka yi magana."

"Na yi."

Dattijon ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Ya buɗe wa Munzali ɗakinsa da rumbunan. Munzali ya ɗaga tabarma, ya zura hannu cikin gero, ya duba wayar dattijon, wata tsohuwa mai madannai da lambobi shida a ciki. Ya nuna ɗaki na biyu.

"Nan fa?"

Kande ce ta ɗaga labulen da kanta, kaɗan. Daga inda yake Mainasara ya hango wata mace a tsugune a lungu, ta toshe kunnuwanta da tafukan hannu, ƙafafunta duk tabo. An ɗaura zani a ƙugunta, ɗaya bakin yana hannun uwar. Tarin salansar nan ɗaya ya iso kunnenta. Munzali ya kawar da kai, ya ja da baya.

A waje ya ɗauki buhun. "Wannan za ta zauna a wurin dagaci har a san yadda za a yi. Kai kuma Yaya, ko da wasa kada ka ƙera abin nan. Ranar da aka kama wata bindiga da irinsa, ba wanda zai tambaye ka ko ta iska ka yi wa."

Ɗantsoho bai yi musu ba. Su Munzali suka tura baburansu da hannu har suka yi nisa kafin su tayar.

Mainasara ya tsaya, bai bi su ba. Ya durƙusa ya duba ƙasan rumbun, ya auna ƙafafunsa da taƙi.

"Ba zan yi maka salansar bindiga ba, Baba. Ko da ba su zo ba, ina jin ba zan yi ba. Amma gafiya ba ta hawa kwano mai santsi. Zan yi wa ƙafafun rumbu kwala, wato in naɗe su da kwano, in yi maka raga ta rufe shanya, da tarko mai ƙofar roba wanda ba ya bugawa."

"Nan za ka yi ta buga guduma?"

"A Daura zan gama komai. Nan waya kawai zan ɗaura."

"In ka ga dama," in ji Ɗantsoho.

A gida sun yi kwana biyu ba sa doguwar magana da Hussaina. Ta ce in da bai dawo ba, wa zai ce ta yi laifi? Ya san gaskiyarta, shi ya sa abin ya fi ba shi haushi. Okafor ya ba shi tsohuwar tayar babur ya yanka ya yi wa tarkunan baki.

Bayan mako guda ya kai kayan. Ya kashe babur a gindin tsamiya ya ɗauke su a ka. Ɗantsoho ya riƙe masa waya yana ɗaurawa, suka yi aikin kusan awa uku ba su yi maganar da ta wuce "miƙo" da "riƙe nan" ba. Kande ta ajiye masa ruwa a kofin roba. Da zai tafi dattijon ya raka shi har rabin hanya, ya ce Allah ya saka, amma bai ce ya sake zuwa ba.

Kayan sun yi aiki. Munzali, wanda ya riƙa zagayawa ta wajen lokaci-lokaci, ya ce zubar geron ta tsaya. Sai dai labarin gidan ya riga ya bazu. Mata suka fara zuwa da sunan gaisuwa don su ga Firdausi, wani ya kawo mai ruƙiyya ba a gayyace shi ba, samari kuma suka mai da hanyar wurin wucewa da babura.

Kafin ruwan farko ya sauka, Munzali ya zo Daura ya tsaya a shagon. Ya ce gidan ba kowa. Sun kwashe geronsu a amalanke sun tsallaka Nijar, wai wajen dangin Kande. Ɗantsoho ya je ya yi wa dagaci sallama, bai nemi bindigarsa ba.

"Ka gani ko, Yaya? Mai gaskiya ba ya tashi haka."

"Mai gaskiyar da aka hana sakat yana tashi."

"Ko kuma ya gama abin da ya kawo shi."

"An yi sata ko an ɗauki wani a yankin tun zuwansa?"

"Ba a yi ba," in ji Munzali. "Tukuna."

Mainasara ya sauke gilashin walda a fuskarsa ya koma kan ƙofar da yake haɗawa. Har yau in maganar ta taso a gidan surukai, Munzali na kan bakansa, shi ma yana kan nasa, kuma ba wanda ya sake jin ɗuriyar Ɗantsoho balle a raba musu gardama.